Wane ne Monroe da aka sa wa Monrobiya sunansa?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifina tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya aikin ECOMOG a farkon shekarun 1990. Tun muna yara yake ba mu labarin Monrobiya, yana cewa sunan wani Ba'amurke aka sa wa garin, wai shi ma soja ne kafin ya zama shugaban ƙasa, kuma wai shi ya 'yanta bayi ya mayar da su gida Afirka. Yanzu Baba ya tsufa, kwanan nan ya sake tayar da maganar, ni kuma na rasa abin da zan ƙara masa. Don Allah wane ne wannan mutum, kuma da gaske shi ya 'yanta bayin?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya jiƙan abokan aikinsa da suka tafi Laberiya ba su dawo ba. Ka gaishe mini da shi da kyau.

Idan na fahimce ka, ɗana, abu uku Baba ya faɗa: sunan Ba'amurke ne a kan garin, mutumin ya yi soja kafin ya yi mulki, kuma shi ya 'yanta bayi ya mayar da su Afirka. Biyun farko haka suke, babu tantama. Mutumin shi ne James Monroe, shugaban Amurka na biyar, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1825, kuma ya yi yaƙi har ya kusa barin ransa a fagen fama. Na ukun ne ke neman gyara, gyara mai yawa ma. Monroe bai 'yanta bayin Amurka ba, shi kansa mai bayi ne har ranar da ya mutu. Amma Baba ba da ka ya faɗi maganar ba, domin hannun Monroe yana cikin kafa Laberiya dumu-dumu. Abin da ya sa ya sa hannun shi ne inda za mu daɗe.

Na shafe shekaru ina koyar da tarihin Amurka, kuma na lura ɗalibai ba sa riƙe zamanin mutanen can sai an jingina su da wanda suka sani. Shi ya sa nakan ce musu Monroe sa'an Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. An haifi Shehu a 1754, shi kuma a 1758. Ya hau kujerar mulki a watan Maris na 1817, Shehu ya rasu a watan Afrilun wannan shekarar, wato mulkinsa ya zo daidai da farkon sarautar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Yaron da ya ajiye littafi ya ɗauki bindiga

An haife shi ranar 28 ga Afrilu, 1758, a gundumar Westmoreland ta Virginia, lokacin yankin yana hannun Sarkin Ingila. Gidansu masu rufin asiri ne, da gona da 'yan bayi, amma ba su kai sahun manyan masu gandun taba ba. Mahaifiyarsa ta rasu, ba a jima ba mahaifinsa ya bi ta a 1774, ya bar shi yana ɗan shekara sha shida. Kawunsa Joseph Jones, lauya kuma ɗan majalisa, shi ya riƙe shi, ya sa shi a kwalejin William and Mary da ke Williamsburg. Karatun bai yi nisa ba. Rikici ya ɓarke tsakanin Ingila da yankunanta goma sha uku, a 1775 yana cikin samarin da suka kutsa fadar gwamna suka kwashe bindigogi da takubba, a 1776 kuma ya shiga runduna ta uku ta Virginia yana laftana.

Ƙarshen shekarar nan rundunar George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, ta zama abin tausayi. An kore ta daga New York, an bi ta har ta ƙetare kogin Delaware, sojoji da yawa wa'adin aikinsu zai cika ranar ƙarshe ta Disamba, wasu ko takalmi babu. Washington ya yanke shawarar ya sake ƙetarowa a daren Kirsimeti, cikin ƙanƙara, ya auka wa sojojin hayar Jamus da Ingila ta girke a garin Trenton. Monroe yana cikin 'yan gaba, mutum kamar hamsin ƙarƙashin Kyaftin William Washington, aka ce su riga kowa su tsare hanya kada labari ya isa garin. Shi da kansa ya ba da labarin daren bayan ya tsufa. Suna tsaye a mararraba cikin duhu da sanyi, karnukan wani gida suka yi ta haushi, maigidan ya fito yana faɗa don ya zaci 'yan Ingila ne. Da ya gane ko su wane ne sai ya kawo musu abinci, ya ce shi likita ne, zai bi su ko Allah ya sa ya yi wa wani amfani. Sunansa John Riker.

Da gari ya waye aka shiga Trenton. Jamusawan suka yi ƙoƙarin saita igwa su share titin da ita, kyaftin ɗin da Monroe suka ruga kansu da mutanensu. Aka harbi kyaftin a hannuwa, Monroe ya karɓi gaba, sai harsashi ya same shi a kafaɗar hagu ya tsinke babbar jijiyar jini. Likitan nan na daren jiya ne ya danne jijiyar har jinin ya tsaya. Ba don shi ba, da labarin yaron ya ƙare a kan titin nan yana da shekara sha takwas. An kama Jamusawa wajen 900 a ranar, aka ƙara wa Monroe girma zuwa kyaftin, harsashin kuwa ya zauna a jikinsa har kabari. Wannan wurin ka karanta wa Baba shi a hankali, shi ya san abin da ake nufi da a ce mutum ya tunkari bakin igwa da ƙafa.

Da ya warke ya koma, ya zama mataimaki na musamman ga Janar Stirling, ya halarci yaƙe-yaƙen Brandywine da Germantown, ya sha hunturun Valley Forge inda yunwa da cuta suka kashe sojoji kusan dubu biyu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, ya yi yaƙin Monmouth a 1778 yana manjo. Burinsa ya sami rundunar kansa. Virginia ta ba shi muƙamin laftana-kanar, amma babu kuɗin ɗaukar sojojin da zai jagoranta. A 1780 gwamnan jihar, Thomas Jefferson, ya ɗauke shi yana koya masa lauya, kuma wannan alaƙa ce ta yi masa jagora har ƙarshen rayuwarsa.

Daga sansani zuwa majalisa

Mutane sun fi tuna shi da shugabanci, amma a majalisa ya koyi siyasa. A 1782 ya shiga majalisar dokokin Virginia yana da shekara 24, daga 1783 zuwa 1786 kuma ya wakilci jiharsa a majalisar tarayya ta farko, wadda ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Abin da ya fi ɗauke masa hankali a can shi ne ƙasashen yamma, bayan duwatsu. Bai tsaya jin labari ba, ya hau doki da kwalekwale ya je ya gani, ya dawo da yaƙinin cewa rayuwar manoman can a kan kogin Mississippi take, domin ta nan kaɗai amfanin gonarsu zai kai teku. Da John Jay, mai kula da harkokin waje na lokacin, ya nemi a 1786 a bar wa Sifaniya kogin na tsawon shekara ashirin da biyar zuwa talatin don a sami ciniki da ita, Monroe yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har maganar ta mutu.

A 1788 ya yi abin da yakan ba ɗalibaina mamaki: ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da kundin tsarin mulkin Amurka a taron Virginia. Ba wai yana son gwamnati mara ƙarfi ba ne, wanda ya kwana da yunwa a Valley Forge ya san illar wannan. Damuwarsa ita ce kundin bai lissafa haƙƙoƙin ɗan ƙasa ba, kuma ya ba tarayya ikon ɗora haraji kai tsaye. Aka rinjaye su da ƙuri'a 89 da 79. Shekara mai zuwa ya tsaya takarar majalisar wakilai da abokinsa James Madison, suna tafiya tare cikin sanyi daga wannan gari zuwa wancan suna muhawara a gaban jama'a. Madison ya ci da 1,308, shi yana da 972. Amma matsin takarar yana cikin abin da ya sa Madison ya yi wa masu zaɓe alkawarin gyara kundin, ya kuma cika, aka sami gyare-gyare goma na farko da Amurkawa ke tinƙaho da su har yau. A 1790 Monroe ya zama sanata.

A ganina ba shi da kaifin ƙwaƙwalwar Jefferson ko Madison. Mutum ne mai nawa wajen yanke shawara, mai jin zafin suka, amma mai naci da riƙon amana. Jefferson ya taɓa rubuta cewa ko an juya ransa ciki waje ba za a ga ɗigon datti ba. A 1794 George Washington, wanda ya riga ya zama shugaban ƙasa, ya tura shi jakada Faransa bayan juyin juya halinta, inda ya fitar da marubuci Thomas Paine daga kurkuku, matarsa Elizabeth kuma ta je gidan yari da keken dokin jakadanci ta ziyarci matar Lafayette, janar Bafaranshe da ya taya Amurka yaƙin 'yanci, a idon jama'a, abin da ya taimaka aka sake ta. Ƙaunarsa ga Faransa ta wuce yadda gwamnatinsa ke so, aka kira shi gida a 1796 ransa a ɓace.

Daren da ruwa ya tare Gabriel

Amsar tambayarka daga nan ta faro. A 1799 Monroe ya zama gwamnan Virginia, jihar da kusan kashi arba'in cikin ɗari na mutanenta bayi ne. Kusa da Richmond, babban birnin jihar, akwai wani bawa maƙeri mai suna Gabriel, ɗan shekara 24, ya iya karatu da rubutu. Ubangidansa yakan ba da hayarsa a cikin gari, abin da ya ɗan yi kama da murgu a wurin mutanenmu na da, wannan ya ba shi damar yawo da sanin mutane. Shi da 'yan'uwansa suka yi watanni suna shiri, suna mayar da lauje takobi a maƙera. Shirin shi ne daren Asabar, 30 ga Agusta, 1800, su shiga Richmond, su cinna wuta a rumbunan bakin kogi don mutane su ruga can, su ƙwace ma'ajiyar makamai, su kama gwamna su riƙe shi har a ba su 'yanci. Gwamnan nan kuwa Monroe ne. A shari'a an ba da shaidar cewa tutar da suka yi niyyar ɗagawa za ta ce mutuwa ko 'yanci, kusan kalmomin da ɗan siyasa Patrick Henry ya zuga Turawan Virginia da su kan su yaƙi Ingila a wannan garin a 1775.

A ranar, bayi biyu suka tona asirin, labari ya kai ga gwamna, ya baza masu sintiri. Da yamma kuma aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafuka suka cika, gadoji suka nutse, mutanen Gabriel suka kasa haɗuwa. Kafin su sake shiri an fara kame. Gabriel ya gudu a jirgin ruwa, aka kama shi a Norfolk, aka kawo shi gaban Monroe, ya ƙi ba da sunan kowa. An rataye shi ranar 10 ga Oktoba. Gaba ɗaya mutum 26 aka rataye, jihar kuma tana biyan iyayen gijinsu diyyar kowane ɗaya.

Akwai wata wasiƙa da Monroe ya rubuta wa Jefferson a tsakiyar Satumba, ana tsaka da ratayar, yana tambayarsa a ina ya kamata a tsayar da hannun hauni. Duk shekara nakan karanta wa ɗalibai ita in tambaye su me suka ji. Wasu su ce tausayi, wasu su ce lissafi ne na ɗan siyasa da ke tsoron abin da duniya za ta ce, ga zaɓen Jefferson ya ƙarato. Ni ina ganin duka biyun suna ciki. Jefferson ya amsa cewa ratayar ta isa haka, aka yi wa wasu afuwa, daga baya aka yi dokar sayar da waɗanda aka yanke wa hukunci zuwa wajen jihar. Abin da ban taɓa iya wucewa ba shi ne wannan: mutumin da ya zubar da jininsa yana ɗan sha takwas don kada wani ya mallake shi, ga shi zaune a gaban saurayin da ya nemi abu iri ɗaya, kuma bai ga kansa a cikinsa ba.

Tsoron da wannan dare ya bari shi ya haifi maganar kwashe baƙaƙe. A ƙarshen 1800 majalisar Virginia ta umarci gwamna ya tuntuɓi shugaban ƙasa a nemi wata ƙasa a waje inda za a riƙa kai waɗanda ake ganin haɗari ne ga zaman lafiya. Monroe ya rubuta wa Jefferson, wanda ya riga ya hau mulki. A 1802 aka sa jakadan Amurka a Landan ya nemi kamfanin da ke riƙe da Saliyo ya karɓe su, kamfanin ya ƙi. A 1806 Virginia ta yi doka cewa duk bawan da aka 'yanta ya bar jihar cikin wata goma sha biyu, in ba haka ba a mayar da shi bauta. Ka ga tun shekara ashirin kafin a kafa Monrobiya, maganar tana kan teburin Monroe, kuma a matsayin maganar tsaro ta zo masa.

Shekarun da suka biyo baya zan taƙaita su. A 1803 shi da Robert Livingston, jakadan Amurka a Faransa, suka sayi Louisiana daga hannun Napoliyon, shugaban Faransa, a kan dala miliyan 15, ƙasa fiye da murabba'in kilomita miliyan biyu, kogin Mississippi da ya daɗe yana fafutuka a kansa ya zama na Amurka. Abin da ya karya wa Napoliyon gwiwa har ya sayar kuwa shi ne kashin da sojojinsa suka sha a hannun tsofaffin bayin Haiti. Ya yi jakadanci a Ingila, ya zama sakataren harkokin waje a 1811, da 'yan Ingila suka ƙone birnin Washington a watan Agusta na 1814 aka haɗa masa da ma'aikatar yaƙi. Ya ci zaɓen 1816, a 1820 kuma ya sami duk ƙuri'un wakilan zaɓe ban da ɗaya. A zamaninsa aka karɓi Florida daga Sifaniya, kuma ranar 2 ga Disamba, 1823, ya yi jawabin da ake kira Aƙidar Monroe, inda ya gargaɗi Turai kada ta sake neman mulkin mallaka a nahiyar Amurka.

Yadda sunan ya ƙetare teku

A watan Disamba na 1816 wasu manyan Turawa suka kafa ƙungiyar da za ta riƙa kai 'yantattun baƙaƙe Afirka. Shugabanta na farko Bushrod Washington ne, alƙalin kotun ƙoli kuma ɗan ɗan'uwan George Washington. Kowa da abin da ya kawo shi cikinta. Akwai masu addini da suka yi imani baƙar fata ba zai taɓa samun adalci a Amurka ba, gara ya tafi. Akwai masu gandu da ke ganin ɗa baƙar fata yana yawo a gari shi ke sa bawa tunanin 'yanci, gara a kawar da shi. Waɗanda ake maganar a kansu kuwa ba a tambaye su ba. A watan Janairu na 1817 baƙaƙe wajen dubu uku suka taru a cocin Bethel da ke Philadelphia, aka tambayi masu goyon baya, ba a ji murya ko ɗaya ba. Suka ce a nan aka haife su, gumin kakanninsu ne ya raya ƙasar, kuma ba za su tafi su bar 'yan'uwansu cikin bauta ba. Wannan ya sa nake jan hankalin ɗalibai game da kalmar "gida". Yawancin waɗanda aka kai ba su taɓa ganin Afirka ba, ba sa jin yaren kowa a can.

Ƙungiyar ba ta da kuɗi, sai Monroe ya buɗe mata ƙofa. Tun 1808 Amurka ta haramta shigo da bayi daga waje, amma fasa-ƙwauri bai tsaya ba. A watan Maris na 1819 majalisa ta yi doka ta ba shugaban ƙasa ikon tura jiragen yaƙi gaɓar Afirka su kama jiragen bayi, da naɗa wakilai a can da za su karɓi waɗanda aka ƙwato, ta ware dala 100,000. Dokar ba ta ce a kafa gari ba. Sakataren harkokin wajensa, John Quincy Adams, ya ce tsarin mulki bai ba da wannan iko ba. Monroe ya faɗaɗa fassarar dokar, ya ce wakilan suna buƙatar wurin zama da ma'aikata da kayan aiki, ma'aikatan kuwa su ne mutanen da ƙungiyar ke son kaiwa. Da wannan kuɗi jirgin Elizabeth ya tashi daga New York a farkon 1820 da baƙaƙe tamanin da 'yan kai. Suka sauka a tsibirin Sherbro na Saliyo, zazzaɓi ya kashe fiye da ashirin cikinsu da Turawa ukun da suka jagorance su.

A watan Disamba na 1821 wani hafsan sojan ruwa, Robert Stockton, da wakilin ƙungiyar, Eli Ayres, suka zauna da sarakunan yankin Mesurado, inda Monrobiya take a yau. Da sarkin da Turawa ke kira Peter ya nuna ba ya son sayar da ƙasar, Stockton ya ɗora masa bindiga a ka. Aka sa hannu, aka biya da bindigogi da albarushi da taba da giya da tarkacen da ba su wuce na dala ɗari uku ba. A 1822 baƙin suka zauna a wurin, suka kira shi Christopolis. A 1824 ƙungiyar ta sauya sunan zuwa Monrobiya don gode wa shugaban da ya sa kuɗin gwamnati da jiragenta a cikin aikin. Shi kansa bai taɓa taka Afirka ba.

To, ya 'yanta bayi?

Akwai abin da za a ba shi. Jiragen da ya tura sun ƙwato 'yan Afirka daga hannun masu fasa-ƙwauri, kuma a 1820 ya sa hannu a dokar da ta mayar da cinikin bayi a teku fashin teku, hukuncinsa kisa. Ga waɗanda aka fitar daga cikin jirgin bayi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma dubi lissafin. A 1820 bayi a Amurka sun kai miliyan ɗaya da rabi, a 1860 sun kusa miliyan huɗu. Duk waɗanda ƙungiyar ta kai Laberiya har bayan yaƙin basasar Amurka ba su wuce dubu goma sha uku da wani abu ba. Cikin mutum 4,571 da aka kai daga 1820 zuwa 1843, ƙidayar 1843 ta sami 1,819 kawai a can, yawancin sauran cuta ta cinye su. Kuma wata guda bayan tashin jirgin Elizabeth, Monroe ya sa hannu a sulhun da ya bar Missouri ta shiga tarayya da bauta, a cikin ƙasar da shi ya sayo daga Faransa. Bauta ba ta ƙare a Amurka ba sai 1865, shekara 34 bayan mutuwarsa.

A gidansa kuma, ya mallaki mutum fiye da ɗari biyu a tsawon rayuwarsa. Yakan kira bauta mugun abu da Ingila ta gadar musu, ya maimaita hakan a 1829 lokacin da ya shugabanci taron gyara tsarin mulkin Virginia, amma kullum da sharaɗi: in za a 'yanta, sai a kwashe. Da bashi ya yi masa katutu, a 1828 ya sayar da wasu iyalai daga cikin bayinsa ga wani mai gandu a Florida. Mutum ɗaya aka san ya 'yanta, Peter Marks, shi ma a kan gadon mutuwa ya yi wasiyyar.

Ɗalibai sukan ce, Malam, ai mutumin zamaninsa ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma mu ma ba mu da bakin yin magana kamar ba mu san rinji da bayin gandu ba, a wannan zamanin suna nan a ƙasarmu. Sai dai uzurin bai rufe shi duka ba, domin a Virginia ɗin, a zamanin nasa, akwai waɗanda suka yi abin da bai yi ba. Robert Carter ya rubuta takardar 'yanta bayinsa fiye da 450 a 1791. George Washington ya 'yanta nasa a wasiyyarsa ta 1799. Edward Coles, ɗan gundumar da gandun Monroe yake, ya kwashi nasa zuwa Illinois a 1819 ya 'yanta su ya ba su gonaki. Monroe ya san hanyar tana nan, bashi da tsoro da son zaman lafiya da masu gandu suka hana shi bin ta.

Iyakata a nan ita ce, abin da nake aiki da shi wasiƙunsa ne da takardun gwamnati da na kotu. Waɗanda ya mallaka ba a bar su sun rubuta nasu ba, Gabriel ma ta bakin masu shari'arsa muke jin sa. Duk hukuncin da na yi, na wanda ya fi jin ɓangare ɗaya ne, ka ɗauke shi a haka.

Ya bar mulki a 1825 da bashi a wuya, ya sayar da gandunsa na Highland, ya yi shekaru yana bin majalisa ta biya shi kuɗin da ya kashe a aikin jakadanci. Matarsa ta rasu a 1830, ya koma gidan 'yarsa a New York, a can ya mutu ranar 4 ga Yuli, 1831, ranar bikin 'yancin Amurka, yana da shekara 73. Laberiya ta ayyana 'yancinta a 1847, amma Amurka ba ta amince da ita ba sai 1862. Zuriyar baƙin suka riƙe mulki a kan 'yan ƙasa na asali har juyin mulkin Samuel Doe a 1980, kuma wannan tsohon rabuwar kai yana cikin tushen yaƙin da ya kai Baba can, ko da yake ba shi kaɗai ba ne.

Ni ban taɓa zuwa Monrobiya ba, Baba ya taka ta da ƙafarsa, don haka ga abin da za ka tambaye shi. Tashar jiragen ruwan da dakarun ECOMOG suka fara sauka a watan Agusta na 1990 tana kan tsibirin Bushrod, sunan shugaban ƙungiyar nan ne, wanda a 1821 ya sayar da bayinsa 54 zuwa Louisiana yana kan kujerar shugabancinta. Rafin da ya raba tsibirin da tudu kuma Stockton ake kiransa, sunan hafsan da ya ɗora wa sarki bindiga. Ka tambaye shi ko ya tuna su, ka kuma ɗauki abin da zai faɗa a wayarka, da sunayen unguwannin da ya yi gadi da na mutanen da suka yi aiki tare.